Malam Bello Kagara da Littafinsa Ganɗoki

3.0 Gabatarwa

Wannan babi zai dubi rayuwar Malam Muhammadu Bello Kagara da littafinsa Ganɗoki, wanda Hukumar Talifi ta Zariya ta buga a shekarar 1934. Manazarta adabin Hausa sun saba ambaton wannan littafi a matsayin na farko cikin ƙagaggun labaran Hausa da suka ɗauki tarihi ya zama ginshiƙinsu. Sai dai akwai tambayar da takan taso wa duk wanda ya karanta littafin har ƙarshe, wato yaya aka yi jarumin da ya buɗe labarinsa da yaƙar Turawa ya rufe shi da karɓar zamaninsu? Ana iya ɗaukar wannan a matsayin rauni a ginin labari, ana kuma iya yi masa kallon miƙa wuya. Babin zai yi ƙoƙarin nuna cewa ba a fahimtar wannan juyi sai an san irin rayuwar da marubucin ya yi, domin shi ma ta kan wannan gada ya ƙetare.

3.1 Taƙaitaccen Tarihin Marubucin

An haifi Malam Bello a shekarar 1890 a garin Kagara, wanda a yau yake cikin Jihar Neja. Mahaifinsa, Malam Shehu Usman, shi ne Alƙalin Kagara. Ke nan gidan da ya tashi gidan littafi ne da shari'a, kuma a nan ya fara karatun allo da na ilmi kamar yadda aka saba a gidajen malamai. A lokacin Kagara tana ƙarƙashin ikon Kwantagora, masarautar da Umaru Nagwamatse ya kafa, ɗansa Ibrahim kuma yake riƙe da ita da sarautar Sarkin Sudan. Kwantagora ta wancan zamani ƙasar yaƙi ce. Arzikinta da ƙarfinta sun dogara ne kan hare-haren da take kai wa Gwarawa da sauran ƙabilun da suke kewaye da ita.

A farkon shekarar 1901 sojojin Gwamna Lugga suka ci Kwantagora, suka kuma ci Bida. Sarkin Sudan Ibrahim ya fice da jama'arsa ya nufi arewa, iyayen Malam Bello suna cikin waɗanda suka bi shi. A lokacin Bello yana yaro ɗan kimanin shekara 11. Wannan ƙaura ta kawo rundunar Kwantagora cikin ƙasar Zazzau, inda zamanta ya dami Sarkin Zazzau Kwasau har ya nemi taimakon Turawa, kuma a shekarar 1902 aka kama Sarkin Sudan a arewacin ƙasar. Daga baya Turawa suka mayar da shi kan gadonsa a 1903. Shi kuwa Kwasau da ya kira su, su ne suka tuɓe shi. Yaron da ya ga irin wannan juyin duniya da idonsa, ya ga sarki ya zama ɗan gudun hijira, ya ga ɗan gudun hijira ya koma sarki da izinin wanda ya kore shi, ba ya bukatar wani ya koya masa cewa mulki aro ne.

Bayan ƙura ta lafa, Malam Bello ya shiga makarantar Nassarawa ta Kano, wadda Ɗan Hausa ya buɗe a 1909 don horar da malamai da 'ya'yan sarakuna. Ya shiga ne yana saurayi da karatunsa na Arabiyya, boko ya zo masa a matsayin ƙari. Ya koyar a makarantar lardi ta Zariya, wadda daga baya ta zama Alhudahuda, sannan ya koma Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1921, inda ya riƙa koyar da Arabiyya da addinin Musulunci. Wannan kwaleji ita ce ta yaye Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa da ƙanen Malam Bello, wato Abubakar Imam, wanda aka haifa a Kagara a 1911, ya kuma zo Katsina karatu a hannun yayan nasa. Matsayin malamin Arabiyya a irin wannan makaranta matsayi ne na musamman. Shi ne shaidar da iyaye suke dubawa su yarda cewa 'ya'yansu ba za su bar addini ba don sun shiga boko. Daga baya Malam Bello ya yi aikin shari'a a En'e ta Katsina, aka kuma naɗa shi Walin Katsina. Ya rubuta tarihin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda aka buga a 1951. Ya rasu a shekarar 1971, bayan ya ga zuwan Turawa yana yaro, ya ga tafiyarsu a 1960 yana dattijo.

3.2 Gasar 1933

Kamar yadda Ibrahim Yaro Yahaya ya kawo a littafinsa Hausa a Rubuce (1988), Hukumar Fassara da aka kafa a 1929 ita ce ta rikiɗe ta zama Hukumar Talifi, ƙarƙashin Dokta R. M. East. Matsalar da hukumar ta fuskanta ita ce an koya wa yara karatun boko amma babu abin da za su karanta don nishaɗi. Saboda haka a 1933 East ya zaga manyan garuruwan Arewa yana roƙon malamai su rubuta ƙagaggun labarai. A wata maƙala da ya buga a 1936 ya bayyana irin wahalar da ya sha, domin malamai suna ganin alƙalami na ilmi ne da wa'azi, ƙirƙirar labari kuwa aikin mata ne da yara a dandali. Littattafai biyar suka fito daga wannan gasa: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da East.

Abin lura a nan shi ne shekarun marubutan. Imam yana da shekara 22, Tafawa Ɓalewa yana da 21, dukansu an haife su ne bayan Turawa sun gama kafa mulki. Malam Bello kuwa yana da 43. Shi ne ainihin irin malamin da East ya yi kukan ba ya son rubuta ƙage, kuma ya rayu a ƙasar Hausa tun kafin ta faɗa hannun Turawa. Ba abin mamaki ba ne da ya zo rubuta ƙagen ya jingina shi da tarihi. Malamin da zai ji nauyin a ce ya zauna yana tatsuniya ba zai ji nauyin ba da labarin yaƙi ba, domin labarin mazan jiya abu ne da dattijai suke yi a zaure ba tare da girmansu ya zube ba.

3.3 Tarihi a Cikin Littafin

Ganɗoki da bakinsa yake ba da labarinsa. Wannan zubi ya ba marubucin damar yin amfani da muryar tsohon mayaƙi, murya mai cika baki da kirari da zuga kai, wadda mai karatu Bahaushe ya riga ya san ta daga bakin mafarauta da 'yan tauri da makaɗan fada. Kashin farko na littafin yana tafiya ne a kan ƙasa tabbatacciya. Garuruwan da aka ambata suna nan, sarakunan da aka ambata sun yi mulki, yaƙin da aka bayyana an yi shi. Abin da marubucin ya ƙaga shi ne jarumin, ya dasa shi a tsakiyar waɗannan al'amura.

Wannan dabara ita ce wadda aka san ƙagaggen labarin tarihi da ita a sauran adabin duniya. Walter Scott na ƙasar Sikotilan, wanda ake dangana farkon wannan nau'i gare shi da littafinsa Waverley (1814), haka ya yi, ya ƙagi mutum ya jefa shi cikin tawayen da aka yi a 1745. Jurji Zaidan ma haka ya yi da tarihin Musulunci a jerin littattafan da ya rubuta da Larabci a Masar. To amma akwai bambanci. Tauraron Scott mutum ne matsakaici, mai raba zuciya tsakanin ɓangarori biyu, ta yadda mai karatu zai ga kowane ɓangare ta idonsa. Ganɗoki ba ya raba zuciya. Sadauki ne na gaban goshi, ɓangarensa ɗaya ne, kuma ba a taɓa jin yana tambayar kansa ko yana kan daidai. Asalinsa yana komawa ne ga jaruman kirari da na littattafan yaƙe-yaƙe na Larabci da malamai suke karantawa, irin su labaran jaruntakar Sayyidina Aliyu da na Antaru ɗan Shaddadu.

Darajar wannan kashi tana cikin inda marubucin ya tsaya yana kallo. A 1934 labarin cin ƙasar Hausa da yake a rubuce da boko yawancinsa daga rahotannin waɗanda suka ci ƙasar ne, inda mutanen Kwantagora da Bida suke fitowa a matsayin azzaluman da aka kawar. Ganɗoki ya juya madubin. Mai karatu yana tsaye ne a cikin rundunar da ake harbi, yana jin ƙarar bindiga daga ɓangaren masu takobi da mashi. Ɗalibin makarantar Midil da ya karanta littafin a wancan lokaci, wanda kakansa ko ma mahaifinsa ya ga ranar da aka fasa ganuwar Kano a watan Fabrairu na 1903, ko ranar da aka ci Sakkwato a watan Maris, ya samu a cikin littafin da gwamnati ta buga wani abu da littafin tarihin ajinsu bai ba shi ba, wato cewa mutanensa sun tsaya sun yi faɗa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, ko da kuwa East ya bar shi ya wuce ne don yana ganin labarin ya riga ya zama tsohon zance.

3.4 Daga Fagen Fama Zuwa Duniyar Aljannu

Bayan an ci su da yaƙi, Ganɗoki ya fuskanci gabas da nufin zuwa Makka, tare da ɗansa Garba Gagare. Har nan labarin bai bar tarihi ba, domin hanyar da dubban mutane suka bi ke nan a bayan Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, wanda aka kashe a Burmi a watan Yuli na 1903. Waɗanda suka tsira sun ci gaba har ƙasar Sudan, inda zuriyarsu take a garin Mai Wurno har yau. Amma daga wannan gaɓa littafin ya sauya kama. Jarumin ya faɗa cikin ƙasashe masu nisa da duniyar aljannu, yana yaƙe-yaƙe yana cin nasara, yana musuluntar da waɗanda ya ci. Garuruwan da za a iya nunawa a taswirar ƙasar Hausa sun ƙare, an shiga irin duniyar Dare Dubu da Ɗaya.

Wannan sauyi shi ne babban abin da ake iya kafa hujja da shi a ce littafin ba labarin tarihi ba ne, ko a ce littattafai biyu ne aka ɗinke da zare ɗaya. Hujjar tana da ƙarfi. Kashin aljannu yana maimaita kansa, ana gama wannan yaƙi a shiga wancan, kuma tun da mai karatu ya riga ya san jarumin ba zai faɗi ba, zullumin da ya riƙe shi a kashin farko yakan ragu. A fagen Kwantagora mutum yana iya mutuwa. A ƙasar aljannu kuwa abokan gaba ne kaɗai suke mutuwa.

Duk da haka wannan nazari yana ganin ɗinkin ba na ganganci ba ne. Marubucin ya ƙagi jarumin da ba a cin sa da yaƙi, ya kuma sanya shi cikin yaƙin da kowa ya san an ci mutanensa. Ba zai yiwu ya ba Ganɗoki nasara a kan Turawa ba, domin masu karatunsa sun san abin da ya faru, wasu ma da su aka yi. Ba zai yiwu kuma ya bar shi ya mutu kamar kowa ba, domin jarumin kirari ba ya ƙarewa haka. Mafitar da ta rage ita ce a fitar da shi daga tarihi a kai shi inda takobi yake da sauran amfani. Nasarorin da ya samu a can su ne nasarorin da aka hana shi a gida, kuma jihadin da ya tsaya a ƙasar Hausa a 1903 shi ne ya ci gaba a ƙasar da babu bindiga mai ruwa. Idan aka dubi abin ta wannan fuska, kashin aljannu shi ma shaida ne na tarihi. Bai faɗi abin da ya auku ba, amma ya nuna halin da zukatan waɗanda aka ci da yaƙi suke ciki bayan shekara talatin.

Ya kamata kuma a tuna cewa rabuwar da ake yi a yau tsakanin tarihi da almara ba ta da kaifi haka a wurin masu sauraron wancan zamani. Labarin Bayajida da macijiyar rijiyar Kusugu tarihi ne a wurinsu, haka ma labaran tsafi da laya da suke cikin tarihin sarakunan Kano. Ba ga Hausawa kaɗai abin ya tsaya ba. Thomas Mofolo, a littafinsa Chaka da aka buga da harshen Sesoto a 1925, ya haɗa sarkin Zulu na gaskiya da boka mai sihiri, ba a kuma hana littafin sunansa na labarin tarihi ba.

3.5 Dawowar Ganɗoki

Daga ƙarshe jarumin ya komo gida ya tarar da ƙasar da ya bari ta sauya, mulkin Turawa ya zauna, shi kuma ya karɓi sabon zamanin. A nan ne zargin miƙa wuya yake tasowa. Mai zargin zai ce littafin da hukumar gwamnatin mulkin mallaka ta nema, ta tace, ta buga, ta kuma raba wa makarantunta, dole ya ƙare da abin da zai faranta mata rai, kuma marubucin ma'aikacinta ne da yake cin albashinta. Babu mai musun cewa wannan yanayi ya yi tasiri. Littafin da zai ƙare da kiran a sake ɗaukar makami ba zai fito daga Zariya a 1934 ba.

Amma tsayawa a nan zai zama rashin adalci ga marubucin. Tafiyar Ganɗoki, in an cire aljannu, ita ce tafiyar Malam Bello da ta tsararsa: gudu daga Kwantagora, zaman jira, sannan dawowa a zauna da abin da Allah ya hukunta. Sarkin Sudan Ibrahim kansa haka ya yi, ya karɓi sandar mulki daga hannun waɗanda suka kore shi. Sarkin Katsina Dikko, wanda Malam Bello ya rubuta tarihinsa, Turawa ne suka ɗora shi, ya kuma yi amfani da kusancinsa da su ya jawo wa Katsina makarantu. Malaman Sakkwato da ba su bi Attahiru ba, irin su Waziri Buhari, sun zauna ne bisa hujjar cewa barin jama'a babu jagora ya fi zama da Nasara muni, muddin ba a hana salla ba. Ƙarshen Ganɗoki yana cikin wannan layi na tunani. Ra'ayin mutumin da ya gaskata da shi ne, har ya gina rayuwarsa a kai.

Inda raunin yake shi ne a yadda aka kawo sauyin. Mai karatu bai ga Ganɗoki yana kokawa da zuciyarsa ba. Mutumin da ya rasa gida da abokan yaƙi ya kamata a ji ɗacin abin a bakinsa kafin ya haɗiye, amma littafin ya tsallake wannan mataki. Marubucin da ya fi kowa sanin wannan ɗaci, tun da ya ɗanɗana shi yana ɗan shekara 11, shi ne ya ƙi buɗe shi. Ko kunya ce ta malami, ko taka-tsantsan ne na ma'aikaci, sakamakon ɗaya ne, wato an bar wurin da ya fi kowane wuri bukatar a tsaya an wuce da sauri.

3.6 Ganɗoki da Shaihu Umar

Akwai wani gefe na littafin da ba a cika tsayawa a kansa ba, kuma kwatanta shi da Shaihu Umar yana fito da shi fili. Littattafan biyu sun fito a gasa ɗaya, daga malami da wanda ya yi karatu a kwalejin da yake koyarwa, kuma dukansu sun taso ne daga yanki ɗaya a zamani ɗaya, domin Umar na Tafawa Ɓalewa ɗan wani gari ne mai suna Kagara a wajejen Bida. Amma Ganɗoki yana kan doki ne, Umar kuwa yana cikin waɗanda ake ɗauka. A Shaihu Umar mai karatu yana bin yaron da aka sace, da uwar da ta bi sawunsa har ta faɗa cikin bauta ta ƙetare hamada. A Ganɗoki hari jaruntaka ne, waɗanda ake kai wa harin kuma ba su da suna balle murya. Adadi ne da ake ƙirgawa bayan an tashi daga fage.

Wannan yana rage wa littafin wani abu a idon mai karatu na yau, musamman wanda ya fito daga cikin al'ummomin da Kwantagora ta yi wa ɓarna. Jarumin da ake so a tausaya masa don baƙi sun ci ƙasarsa da ƙarfin makami, shi ma da ƙarfin makami yake cin ƙasar wasu, kuma littafin bai nuna ya lura da wannan ba. Ta wani gefen kuma wannan rashin lura shi ne ya sa muryar ta zama ta gaskiya. Da Malam Bello ya sa wa Ganɗoki nadama a kan bauta, da ya ƙagi mayaƙin Kwantagora irin wanda ba a taɓa yi ba, mai tunanin ɗan kwalejin 1933 a cikin sulken 1901. Tafawa Ɓalewa, da yake an haife shi a 1912, ya samu nisan da zai dubi zamanin bauta daga waje ya auna shi. Malam Bello a cikinsa aka haife shi, mahaifinsa alƙali ne a ƙarƙashin Sarkin Sudan, kuma mahayan da ya siffanta su ne manyan da ya tashi yana gani a ƙofar gida.

Wataƙila wannan bambanci yana cikin dalilan da suka sa Shaihu Umar ya fi yin nisa. Mervyn Hiskett ya fassara shi zuwa Turanci a 1967, Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasan kwaikwayo, Adamu Halilu kuma ya yi fim ɗinsa a 1976. Labarin yaron da aka raba da uwarsa yana shiga kowane harshe ba tare da ya yi asarar komai ba. Ƙarfin Ganɗoki kuwa yana cikin kirarinsa da amon kalmominsa na yaƙi, abubuwan da sukan zube a hanya in an ɗauke su daga Hausa, shi ya sa har yanzu yawancin masu karanta shi ɗaliban sashen Hausa ne da malamansu.